Frank Worrell da Ziyarar da Ta Farfaɗo da Wasan Kurket

A tsakiyar watan Fabrairun 1961, birnin Melbon na ƙasar Ostireliya ya tsaya cik. Ma'aikata sun bar ofisoshinsu, ana ta watso yankakkun takardu daga saman benaye, dubban ɗaruruwan mutane sun cika tituna suna ɗaga wa wani jerin motoci marasa rufi hannu. Waɗanda ke zaune cikin motocin 'yan wasan kurket ne daga tsibiran Karebiyan, kuma kwana biyu kafin nan aka doke su a gasar da ta kawo su. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, a wancan lokacin dokar shige da fice ta Ostireliya ba ta yarda wanda ba farar fata ba ya zo ya zauna a ƙasar. Ga shi kuma jama'arta sun fito ƙwansu da kwarkwata suna yi wa baƙaƙen fata da jikokin Indiyawa rakiya irin ta manya, suna roƙonsu su dawo.

Kafin a gane abin da ya jawo haka, sai an san yadda wasan yake. Kowace ƙungiya tana da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani siririn dandamali mai tsawon yadi 22, a kowane ƙarshensa an kafa turaku uku, an ɗora musu 'yan ƙirare biyu a ka. Mai jifa yakan taho a guje ya wurgo ƙwallo mai tauri yana neman ya kaɓe turakun, mai duka kuma yana tsaye da faffaɗan katako yana kare su. In ya doki ƙwallon ta yi nisa, sai shi da abokinsa da ke ɗaya ƙarshen su yi musayar wuri a guje, kowace musaya maki ɗaya. In ta gangara ta fita fili maki huɗu ne, in ta tsallake ta sama shida. Ana fitar da mai duka idan jifa ta sami turakunsa, ko aka cafe ƙwallon da ya doka kafin ta taɓa ƙasa, ko aka kaɓe turakun yana tsakiyar gudu bai kai layi ba. Da an fitar da mutum goma, zubin ƙungiyar ya ƙare, sai ɗayar ta karɓa. A wasan da ake kira Tes, wanda shi ne ƙololuwar kurket tsakanin ƙasashe tun 1877, kowace ƙungiya zubi biyu take yi, kuma akan kwashe kwana biyar ana fafatawa. In lokaci ya ƙare ba a gama ba, an tashi ba wanda ya ci, kome yawan makin da wani ya tara.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ta kusa kashe wasan a shekarun 1950. Kyaftin-kyaftin sun fi tsoron shan kaye a kan son nasara, sai masu duka suka koma tare ƙwallo kawai suna cin lokaci. A Birisben a 1958, ɗan Ingila Trevor Bailey ya shafe minti 458 kafin ya haɗa maki 68. 'Yan kallo suka fara ƙaurace wa filaye.

A can Karebiyan kuwa wata matsalar ce daban. Ƙungiyar Wes Indis gamayya ce ta yankunan da Birtaniya ta mallaka, irin su Jamaika da Babados da Tirinidad da Gayana, inda yawancin jama'a jikokin mutanen da aka kwaso daga Afirka ne a zamanin cinikin bayi, da kuma jikokin leburorin da aka kawo daga Indiya bayan haka. Tun da ta fara wasan Tes a 1928, baƙaƙe ne ke ɗauke da ƙungiyar a fili, amma kyaftin sai fari ko mai hasken fata daga gidan masu hali. George Headley, gwanin da ba a ja da shi, wasa ɗaya tak aka bar shi ya jagoranta, a 1948. Hujjar masu riƙe da hukumar wasan ita ce baƙin mutum ya iya wasa amma bai iya riƙe jama'a ba.

Frank Worrell, haifaffen Babados a 1924, shi ne mutumin da ya fi tona asirin wannan hujja. Shi da Everton Weekes da Clyde Walcott ne suka yi wa Ingila kaca-kaca a gidanta a 1950. Yana da natsuwa, yana da ilimi, har ya je Jami'ar Mancesta ya yi karatu, amma aka riƙa tsallake shi ana naɗa waɗanda ba su kai rabinsa ba. A 1960 marubucin nan ɗan Tirinidad, C.L.R. James, wanda ke shugabantar jaridar The Nation, ya ɗaura ɗamarar yaƙi da wannan rashin adalci, yana rubutu mako bayan mako cewa a sauke kyaftin Gerry Alexander a naɗa Worrell. Iskar 'yanci tana kaɗawa a lokacin, a shekarar ne ma Nijeriya da Nijar suka karɓi mulkin kansu, tsibiran kuma suna kan tasu hanyar. Hukuma ta sakko. Worrell, yana da shekara 36, ya zama baƙin mutum na farko da aka damƙa wa ƙungiyar don cikakkiyar ziyara. Alexander ya cancanci yabo a nan: ya karɓi zama a ƙarƙashin wanda ya gaje shi ba tare da ƙunci ba, ya ci gaba da tsaron bayan turaku, ya kuma tara maki 484 a gasar, abin da bai taɓa yin kusa da shi ba.

Nauyin da ke kan Worrell ba ƙarami ba ne. In ya faɗi, za a ce ai dama an faɗa. Abu na farko da ya yi shi ne rushe ɓangarancin tsibiri da ya daɗe yana cin ƙungiyar, inda ɗan Jamaika ke zama da 'yan Jamaika, ɗan Babados da nasa. Ya kuma hana yaransa jayayya da alƙali kowane irin hukunci aka yanke musu. A ɗaya ɓangaren ya yi sa'ar abokin karawa. Kyaftin ɗin Ostireliya, Richie Benaud, mutum ne mai son kai hari, kuma ana gobe za a fara, Sir Donald Bradman, wanda babu kamarsa a tarihin masu duka kuma yana cikin masu zaɓar 'yan wasan ƙasar, ya tara 'yan wasan Ostireliya ya shaida musu cewa masu zaɓe za su fifita duk wanda ya yi wasan da zai faranta wa 'yan kallo.

An fara wasan farko ranar 9 ga Disamban 1960 a filin Gabba na Birisben. Garfield Sobers, wanda a 1958 ya kafa tarihi da maki 365 a kan Pakistan, ya zuba 132 cikin ƙasa da awa uku. Wes Indis ta tara 453. Ostireliya ta mayar da 505, Norman O'Neill shi kaɗai yana da 181. Baƙi suka ƙara 284, aka bar wa masu gida neman 233 a rana ta ƙarshe. Sai Wes Hall, dogon ɗan Babados mai jifa kamar tsawa, ya far musu: mutum shida suka fita maki 92 kacal a allo. Kyaftin mai taka-tsantsan da sai ya rufe ƙofa ya jira lokaci ya cece shi. Da Bradman ya tambayi Benaud lokacin shan shayi me yake nufin yi, ya ce nasara za su nema. Shi da Alan Davidson suka haɗa maki 134 tare, har ya rage saura bakwai, sannan Joe Solomon ɗan Gayana ya wurgo ƙwallo ta sami turaku kai tsaye, Davidson ya fita da 80. A wannan wasa ya zama mutum na farko da ya haɗa maki 100 ya kuma fitar da mutum goma a Tes guda.

A Ostireliya ta lokacin, mai jifa yakan yi jifa takwas a jere kafin a sauya. Jeri na ƙarshe ya faɗo hannun Hall, ana neman maki shida, saura mutum uku a fitar. Jifar farko ta daki Wally Grout, wanda ya shigo bayan Davidson, a cinya, yana ɗingishi suka saci maki ɗaya. Worrell ya riga ya gargaɗi Hall kada ya yi wa Benaud jifar da ke tashi zuwa kai, amma ita ya yi, Benaud ya kai mata duka ta goge katako ta faɗa hannun Alexander. Ian Meckiff ya shigo ya tare ta uku. A ta huɗu suka ruga ba tare da an ma taɓa ƙwallon ba, Hall ya wurga wa turaku ya kuskure. Ta biyar Grout ya ɗaga ta sama, Rohan Kanhai yana tsaye daidai ƙarƙashinta, sai Hall da zumuɗi ya rugo ya shiga gabansa, ƙwallo ta suɓuce. Saura uku. Ta shida Meckiff ya make ta ta nufi iyakar fili, ta tsaya dab da layi, suka yi gudu biyu suka juyo na uku wanda shi ne na nasara. Conrad Hunte ya tsince ta daga can nesa ya wurgo ta a miƙe cikin hannun Alexander, wanda ya faɗa kan turaku kafin Grout ya iso. Maki ya zo daidai, saura mutum ɗaya.

Lindsay Kline ne na ƙarshe, kuma ba a san shi da iya duka ba. Worrell ya matso ya ja wa Hall kunne kada ƙafarsa ta ƙetare layi, don in ta ƙetare an ba abokan hamayya makin nasara kyauta. Kline ya tura ƙwallon gefe, suka zabura. Solomon ya sure ta da hannu ɗaya daga wurin da turke guda kawai yake iya gani, ya auna kamar yaro mai harbin tsuntsu da danƙo, ya same shi. Kowace ƙungiya tana da 737, kuma an fitar da kowa. A cikin shekara 83 da wasanni kusan 500, ba a taɓa tashi kunnen doki irin wannan ba, har wasu 'yan wasan sun bar fili ba su san wa ya ci ba. Sau ɗaya kawai aka sake ganin haka, a Madras ta Indiya a 1986. Abin takaici, mutanen da suka shaida ranar da idonsu ba su fi dubu huɗu da 'yan kai ba, don yawanci sun ɗauka babu abin kallo da ya rage.

Daga nan sai ƙasa ta ɗauka. Ostireliya ta ci wasa na biyu a Melbon, inda hular Solomon ta faɗo kan turakunsa aka fitar da shi. Dokar wasa ta yarda da haka, amma 'yan kallon gida suka yi ta yi wa kyaftin ɗinsu ihu saboda ya nemi hukuncin. A Sidni baƙi suka rama da ratar maki 222, Sobers ya yi 168. A Adeled, Kanhai ya yi 117 da 115, Lance Gibbs ya fitar da mutum uku da jifa uku a jere, nasara ta zo har bakin ƙofa. Sai Ken Mackay da Kline ɗin nan da ake rainawa suka kafe fiye da awa ɗaya da rabi. Jifar ƙarshe ta Hall, Mackay ya ɗaga katakonsa ya bar ta ta dake shi a jiki, don kada ta goge katakon a cafe. Ya fita da tabo, amma ƙasarsa ba ta faɗi ba.

A wasa na biyar, mutum 90,800 suka shiga filin Melbon a rana guda, adadin da ba a taɓa gani ba a kurket har lokacin. Ostireliya tana neman 258. Ana dab da gamawa, ɗan ƙiraren da ke kan turakun Grout ya faɗo ƙasa, 'yan Wes Indis suna da yaƙinin ya fita, alƙalai suka ce ba su ga abin da ya kayar da shi ba. A irin wannan wuri ne ake gane tarbiyyar da kyaftin ya yi wa yaransa, domin babu wanda ya tada jijiyar wuya, kowa ya koma wurinsa. Ostireliya ta ci saura mata mutum biyu, gasa ta ƙare biyu da ɗaya. Hukumar kurket ta ƙasar ta riga ta sa tsohon ɗan wasa Ernie McCormick, wanda ya koma sana'ar ƙera kayan ado, ya ƙera kofi da sunan Frank Worrell, kuma shi ƙungiyoyin biyu ke takara a kai har yau. Mai sunan ne da kansa ya miƙa wa Benaud.

Bayan wannan ziyara ba a sake jin mai cewa baƙi bai iya jagoranci ba. A 1963 Worrell ya kai ƙungiyar Ingila suka ci uku da ɗaya, ya ajiye wasa ya bar wa Sobers. A kan wannan harsashi Clive Lloyd da Viv Richards suka gina ƙungiyar da ta yi shekara 15, daga 1980 zuwa 1995, ba a doke ta a gasar Tes ba. Shi kuwa Worrell ya zama sanata a Jamaika, Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar Sir a 1964, amma bai yi tsawon rai ba: sankarar jini ta kashe shi ranar 13 ga Maris 1967, yana da shekara 42. An yi masa addu'ar tunawa a majami'ar Westminster ta Landan, karo na farko da aka yi wa ɗan wasa haka, kuma hotonsa na kan takardar dala biyar ta Babados.

A Indiya da wani abu dabam ake tuna shi. A 1962 jifar Charlie Griffith ta fasa kan kyaftin ɗin Indiya, Nari Contractor, a Babados, yana tsakanin rai da mutuwa, Worrell yana cikin waɗanda suka fara zuwa asibiti suka ba da jininsu. Contractor ya rayu. Hukumar kurket ta Bengal tana shirya gangamin ba da jini a Kolkata duk ranar 3 ga Fabrairu, da sunan Ranar Frank Worrell.