Shin Ko Kun San? Kwali Daban, Kifi Daban

Shin ko kun san cewa "mp4" ɗin da kuke gani a wutsiyar sunan fim ba shi ne fim ɗin ba? Kwali ne kawai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Yelwa ana ɗaure bandar kifi ya san kwali iri ɗaya yakan ɗauki tarwaɗa, yakan ɗauki karfasa, kuma mai wayo ba ya zaro kuɗi sai ya leƙa ciki. Haka fayil ɗin bidiyo yake. A cikinsa akwai hoto a gefe guda, murya a gefe guda, wani lokaci har da rubutun fassara, kuma kowanne da salon da aka matse shi. Yawancin bidiyoyin da ke wayoyinmu da H.264 aka matse su, salon da ya fito a 2003. Ƙanensa H.265 ya zo a 2013, ya fi iya rage nauyi, amma tsofaffin wayoyi da yawa ba su san shi ba. Shi ya sa mai tura finafinai a kasuwar Wara zai zuba maka fim biyu a memori, duka mp4, ɗaya ya yi lafiya lau, ɗayan kuwa murya kaɗai ke tashi, allo baƙi ƙirin. Kada ka koma ka yi masa rashin mutunci. Wayarka ce ta gane kwalin, ta kasa gane kifin. Canza wa fayil suna kuma ba ya canza komai.

Shin ko kun san da layi ɗaya ake leƙa ciki? A baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, sai a rubuta ffprobe biki.mp4. Nan take za ta zayyano tsawon bidiyon, faɗi da tsayin hoton, hotuna nawa ke wucewa a daƙiƙa, da salon matsin hoto da na murya. Wannan ffprobe ɗiyar FFmpeg ce, manhajar da wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fara a shekarar 2000, kuma kyauta ce har gobe. Marar kwamfuta ma ba a bar shi a baya ba: a wayar Android a saka Termux, a rubuta pkg install ffmpeg, shi ke nan.

Shin ko kun san cikin mp4 akwatuna ne jere da juna, wasu a cikin wasu? Kowane akwati da bayit takwas yake farawa: huɗu na faɗin girmansa, huɗu na faɗin sunansa. Kamfanin Apple ne ya kawo wannan tsari da QuickTime a 1991, daga baya aka gina mp4 a kansa a 2001. Rubuta xxd biki.mp4 | head, a layin farko za ka ga ftyp, wato tambarin kwalin. Uku ne manya: ftyp, sai mdat inda ainihin hoto da murya ke jibge, sai moov.

Wannan moov shi ne littafin dillali. Shi ya san inda kowane hoto yake a cikin mdat, da daƙiƙar da zai fito, da muryar da za ta raka shi. Matsalar ita ce waya ko kyamara ba ta iya kammala wannan lissafi sai an danna tsayawa, don haka yawanci a ƙarshe take rubuta shi. To, a ce kana bakin ruwa ranar bikin Rigata na Yauri, jiragen ruwa sun taso ana ta kiɗa, ka yi rabin sa'a kana ɗauka, sai caji ya ƙare waya ta mutu. Da ka samu wuta za ka ga fayil mai nauyi, amma ya ƙi buɗewa. Tambayi ffprobe, za ta ce maka "moov atom not found". Kifin yana nan a rumbu, littafin ne babu. A nan mutane ke kuskuren gogewa cikin fushi. Akwai wata ƙaramar manhaja, untrunc, wadda ake ba ta lafiyayyen bidiyo daga waya ɗaya, ta duba yadda aka tsara shi, ta sake gina wa mai ciwon nasa littafin. Wani lokaci ta ci nasara, wani lokaci a'a, amma gwadawa ta fi gogewa.

Shin ko kun san ana iya ɗauko moov a dawo da shi gaba? Da -movflags +faststart ake yi a ffmpeg, don bidiyo ya fara wasa a intanet tun bai gama sauka ba. A inda netwok ke zuwa yana ɗaukewa irin na ƙauyukan Shanga, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shin ko kun san agogon mp4 daga 1 ga Janairu 1904 yake ƙirga daƙiƙoƙi? Gadon tsofaffin kwamfutocin Apple ne. Idan ba a cika gurbin kwanan wata ba, manhajar MediaInfo takan nuna cewa a 1904 aka yi bidiyon, wato shekara ɗaya bayan Turawa sun ci Sakkwato, shekara 64 kafin a kammala madatsar Kainji a 1968. Ba aljanu ba ne, sifili ne.

Shin ko kun san bidiyo yana iya tona inda kake? Idan alamar wuri tana kunne a kyamarar waya, takan rubuta lambobin taswira a cikin moov, ffprobe kuma ta nuna su a layin location. Wanda aka ɗauka a Yelwa zai fara da +10.8, sannan +004.7, sauran lambobin su kai mutum kusan ƙofar gida. In aka tura fayil ɗin yadda yake, ta Xender ko a matsayin takarda a WhatsApp, da lambobin yake tafiya. Ni dai a wannan zamani na rashin tsaro ba na wasa da wannan. Maganinsa: ffmpeg -i biki.mp4 -map_metadata -1 -c copy sabo.mp4. Wancan -c copy ɗin yana nufin a sauya kwali kawai, kada a taɓa kifi, don haka hoto ba ya raguwa ko kaɗan.

Shin ko kun san dalilin da kyamarar mai ɗaukar biki ke yanka walima gida-gida? Memorin da bai wuce giga 32 ba yawanci da tsarin FAT32 yake zuwa, shi kuwa ba ya riƙe fayil ɗaya da ya kai giga 4.

Shin ko kun san kwalin mkv daga 'yar tsanar Rasha ya samo suna, wadda ake buɗewa a tarar da wata a ciki? Matroska ke nan, an sanar da shi a Disamba 2002, kuma a kansa Google ya gina WebM a 2010. Nasa madubin shi ne mkvinfo.

Shin ko kun san tsofaffin faya-fayen VCD na finafinan Kano da ke cikin kwabar gidanku har yanzu suna amsa tambaya? Fim ɗin yana cikin jakar MPEGAV da suna AVSEQ01.DAT. Nuna wa ffprobe shi, za ta ce maka MPEG-1 ne, faɗi 352, tsayi 288, hoto 25 a daƙiƙa.