Kitsen da madubi ba ya nunawa

A watan jiya na je asibiti da ƙorafin yawan kasala, likita ya haɗa mini da gwajin kitsen jini, ya ce in dawo da safe kafin in karya kumallo. Na yi dariya a zuci, domin ni siriri ne, tun ina makaranta ake yi mini tsiyar rama. Da sakamako ya fito, sai murna ta koma ciki.

Likitan ya zaunar da ni ya warware mini takardar layi-layi. Ya ce kolestarol ba abokin gaba ba ne ɗungurungum. Hanta ce ke samar da mafi yawansa, jiki kuma yana buƙatarsa. Iri biyu ake sa wa ido: LDL, wanda idan ya yi yawa yake maƙalewa a bangon jijiyoyi har hanyar jini ta ƙuntata, da HDL, mai kwashe rarar ya mayar wa hanta. Ana son jimillar ta tsaya ƙasa da miligiram 200 a kowace desilita ta jini, LDL ƙasa da 100, HDL kuwa sama da 40 ga namiji, 50 ga mace.

Tawa matsalar tana layin ƙarshe, wato tiraigilisaraid, wanda bai kamata ya kai 150 ba. Na ce ai ni ba ma'abocin kitse ba ne. Sai ya tambaye ni cokali nawa na sukari nake zubawa a shayi, lemon kwalba nawa nake sha a wuni, da girman malmalar tuwon shinkafar da nake kwana da ita. Ashe rarar sukari da sitaci hanta ke juyawa ta zama kitse.

Abin tsoron shi ne, wannan kitse ba ya sallama. Shekaru yake ɗauka yana lalata jijiyoyi, ranar da ta zuciya ko ta ƙwaƙwalwa ta toshe, sai a ji wane ya yanke jiki ya faɗi. Hawan jini, ciwon sukari da shan taba kuwa ƙara masa ƙarfi suke yi. Haka mahaifina ya tafi a bakin rumfarsa, muka ce ajali ne. Ajali ne kam, amma neman magani ma umarni ne.

Yarana huɗu, babbar ba ta gama firamare ba. Na rage sukari, na ƙara ganye da wake da kifi, ina tattakin minti 30 bayan Asuba. Mai karatu, ƙiba ko rama ba su ne ma'auni ba. A je a auna jini.