Aikin Rage Tumbi: Dalilin Da Ya Sa Ƙiba Ba Ta Zubewa Da Sauri

A cikin 'yan shekarun nan mun sha jin labarin mutanen da ƙiba ta yi wa yawa, har ta jawo musu ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa, suka tattara abin hannunsu suka tafi Masar ko Indiya aka yi musu aikin rage tumbi. Da yawa daga cikinsu in sun komo gida sai su zura wa sikeli ido. Mako biyu na wucewa ba su ga ragi ba sai hankalinsu ya tashi, dangi kuma su shiga cewa an yi asarar kuɗi. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa malamai da akawuna bayanin yadda al'amarin ya ke, gama su ne jama'a kan kawo wa takardar likita su karanta musu.

Wannan aiki ba sabo ba ne. A 1954 waɗansu likitoci na Jami'ar Minesota ta Amurka suka ba da labarin dabarar gajarta hanyar da abinci ke bi cikin hanji, amma daga baya aka bar ta saboda tana jawo zawo da lalacewar hanta. A 1966 Likita Edward Mason na Jami'ar Ayowa ya soma wata dabara, watau a keɓe ɗan saman tumbi a haɗa shi da hanji kai tsaye. Ita ce aka yi ta gyarawa har yau, ɗan tumbin da a ke bari kuwa bai fi girman ƙwai ba. Akwai kuma wadda ta fi yawa yanzu, inda a kan yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar saura kamar siffar ayaba. Amfanin aikin bai tsaya ga rage wurin abinci kaɗai ba, yana kuma canja saƙon yunwa da na ƙoshi da ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa.

To, yaya ramar ta ke tafiya? A ƙasar Suwidin an soma wani babban bincike a 1987, aka bi dubban mutane shekara da shekaru. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa irin aikin Mason sun rage wajen kashi 32 cikin 100 na nauyinsu, amma sai da aka yi shekara ɗaya zuwa biyu kafin su kai nan. Bayan shekara goma ragin ya tsaya wajen kashi 25. Mu yi lissafi irin na aji. Mutum mai kilo 130, in ya rage kashi 30, ya zubar da kilo 39 ke nan, ya saura 91. In aka raba kilo 39 ga wata 18, kowane wata bai samu fiye da kilo biyu da 'yan kai ba. Ga shi kuwa rabon ba daidai ya ke ba: watannin farko su kan ɗauki kaso mai tsoka, na baya su samu kaɗan.

Tsayawar da ta fi tsorata mutane ita ce ta wajen mako na uku. Dalilinta kuwa shi ne jiki yana da wani sukari da ya kan ajiye cikin hanta da tsoka, tare da ruwa mai yawa. A kwanakin farko wannan ajiya ce ke ƙarewa, ruwan ya fita, sikeli ya yi ƙasa da sauri. Sa'an nan jiki ya shiga mai da ruwansa, alhali kitse yana ci gaba da narkewa, sai a ga sikeli ya kafe. Wanda ya auna ƙugunsa da awon tela, ko ya lura da yadda wandonsa ke yi masa, sau da yawa ya kan ga ragin da sikeli ya ɓoye.

Ban da wannan, jiki in ya ragu bukatarsa ta abinci ita ma ta kan ragu, har ya kan yi tsimi fiye da yadda a ke zato. Masu shekaru da masu ciwon sukari su kan rame a hankali fiye da sauran. Waɗansu magunguna, kamar allurar insulin, su kan riƙe nauyi, haka kuma rashin isasshen barci, da raunin ƙullutun nan na wuya wanda in ya kumbura a ke kira maƙoƙo. Waɗannan likita ne zai duba, kada mutum ya bar maganinsa da ra'ayin kansa.

Akwai kuma abin da ke hannun mai jinya. Ƙaramin tumbi yana hana tuwo da yawa, amma ba ya hana abin sha. Shayi mai madara da sukari, da lemon kwalba, da kunu mai zaƙi, duk su kan zarce ba tare da sun ƙosar ba. Haka nan ɗan ciye-ciye a bakin tebur, gyaɗa yanzu, biskit an jima, ya kan taru ya yi yawa kafin a tashi daga ofis. Likitoci kan ce a soma da abinci mai gina jiki, kamar ƙwai da kifi da wake da nono da nama marar kitse, a samu aƙalla giram 60 na furotin a yini domin kada tsoka ta zube tare da kitse. A sha ruwa wajen lita ɗaya da rabi, kurɓi kurɓi, a kuma bar kamar rabin sa'a tsakanin ci da sha. A riƙa tafiya da ƙafa kullum.

Babban haɗari shi ne gaggawa. Mutum ya ga sikeli ya tsaya, sai ya hana kansa abinci, ko ya sayi maganin rama a kasuwa wanda ba a san abin da ke ciki ba. Wanda aka yi wa wannan aiki dama jikinsa ba ya jan ƙarfe da alli da bitamin B12 yadda ya saba, shi ya sa a kan ɗora shi kan ƙwayoyin bitamin har iyakar ransa, da awon jini lokaci lokaci. In ya ƙara da yunwar gangan, sai ƙarancin jini da zubar gashi da kasala su biyo baya. Mai yawan amai kuwa ya gaggauta zuwa asibiti, gama rashin bitamin B1 yana iya taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa cikin 'yan makonni. Mata kuma a kan shawarce su da su jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Shawararmu ita ce a hau sikeli sau ɗaya a mako, a rubuta cikin littafi, tare da abin da aka ci da awon ƙugu. In tsayawar ta wuce wata ɗaya ko biyu, a ɗauki littafin a kai wa likita. Dangi kuma su sassauta harshe, su tuna sau da yawa sukari da hawan jini su kan sauka tun kafin a ga rama a fuska, kuma wannan saukar ita ce aka tafi nema tun farko.