Gyaran Fentin Mota Tun Tsatsa Ba Ta Shiga Ba

Duk malamin da ya mallaki mota, ya ke kuma bin hanyar burji, ya san ƙarar tsakuwa a jikin motarsa sa'ad da babbar mota ta wuce shi. In ya duba bonet ko gefen ƙofa, sai ya ga ɗan wuri kamar ƙwayar dawa inda fenti ya ɓantare. Da yawa daga cikinmu mu kan raina wannan. Amma mota dukiya ce da mutum ya yi shekaru yana tara kuɗinta, ɗan tabon nan kuwa shi ne ƙofar lalacewarta.

Fenti shi ne garkuwar ƙarfe. A motocin yanzu hawa uku ne: na shimfiɗa mai kama ƙarfe, da na launi, sa'an nan wani garai-garai a sama mai ba da sheƙi, wanda ya yaɗu daga wajen 1980. Duka ukun kaurinsu bai fi na fallen takarda ɗaya ko biyu ba. In tsakuwa ta huda su har ƙarfe ya bayyana, ruwa da iska su kan haɗu su haifi tsatsa. Ita kuwa sai ta riƙa ci ta ƙarƙashi tana kumbura fenti, har abin da 'yar kwalba za ta gyara ya zama aikin fanabita. Sabo da haka lokacin gyara shi ne rani, tun ruwan fari bai sauka ba.

Da fari a nemi lambar launin motar. Yawanci tana kan wani ɗan allo a jikin madogarar ƙofa ko ƙarƙashin bonet. Da ita za a sayi fenti, gama ido ya kan ruɗi mutum, fari ma iri-iri ne. A kai motar inuwa, domin ƙarfe mai zafi ya kan busar da fenti tun bai kwanta ba. A wanke wurin da sabulu, a goge maiƙo da sifirit. In akwai tsatsa, a kankare ta sarai da ɗan guntun sanfefa, kada a taɓa fenti mai lafiya da ke kewaye.

Bayan haka a ɗiga fentin shimfiɗa da tsinken sakace, a bari ya bushe. Sa'an nan na launi, kaɗan kaɗan, sau biyu ko uku, kowane ya bushe kafin a ƙara. A rufe da mai sheƙin, har ya ɗan ɗara sauran jikin motar tudu, don fenti ya kan lotsa in ya bushe.

A nan ne mutane su kan yi ɓarna, wajen gaggawa. A dā fentin mota ya kan ɗauki makonni. A 1924 ne kamfanin General Motors na Amurka ya fito da mota Oakland da fentin Duco mai saurin bushewa. Amma har yau bushewar sama daban, taurin ciki daban. Wanda ya goge ɗanyen fenti zai tumɓuke shi ne, sauri ya haifi nawa. A dakata kwana biyu ko fi.

Da ya yi tauri, sai a jiƙa sanfefa mai laushi ƙwarai, lamba 2000, a naɗe a ɗan katako, a shafa a hankali har tudun ya daidaita. Wurin zai dushe, kada wannan ya tsorata kowa. A sa man goge fenti a ƙyalle mai taushi a murza, sheƙi zai komo. Kakin mota kuwa, wanda a kan yi da kakin ganyen wata bishiya ta ƙasar Barazil, a jinkirta shi har wajen wata guda.

Abu na ƙarshe, mu yi hankali da ƙurar hunturu. Goge ta da busasshen tsumma daidai ya ke da goge mota da yashi. A zuba ruwa tukuna. In kuwa tabon ya kai faɗin tafin hannu, ko tsatsa ta riga ta huda ƙarfe, lalle a kai wa masu sana'ar.