Yadda Jules Verne ya hango Damagaram daga sama ya ga bishiyar mutuwa kaɗai

Ɗalibin da ya taso daga Magariya ko Dungas zuwa Damagaram karatu ya san garin da ganuwar Birni, da fadar Sarki, da unguwar Zango. Amma a ɗaya daga cikin shahararrun littattafan adabin Faransanci, abu guda aka ɗauko daga garin: filin kashe mutane.

Littafin shi ne "Cinq semaines en ballon", wato mako biyar a cikin balan-balan, wanda Jules Verne ya fitar a 1863. Labari ne na Turawan Ingila uku, Dakta Fergusson da abokinsa Kennedy da baransa Joe, da suka tashi daga Zanzibar cikin wata ƙatuwar balan-balan mai ɗaukar mutane, suka ratsa Afirka har Senegal. Bayan sun baro Tafkin Chadi sai iska ta bi da su ta saman Zinder. Cikin 'yan layuka Verne ya gama da garin: wai akwai bishiyar mutuwa a tsakiyar fili, hauni na tsaye a gindinta, duk wanda ya ratsa inuwarta sai a rataye shi nan take.

Verne bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Littattafan matafiya ya karanta, kuma bayaninsa ya yi kama da na James Richardson, Baturen Ingila da ya sauka Zinder a farkon 1851, ya rasu a watan Maris na shekarar a hanyarsa ta zuwa Kukawa. An buga labarin tafiyarsa a 1853. Richardson, mai adawa da cinikin bayi, ya rubuta abin da ya gani na kisa da kamen bayi, kuma ba ƙarya ya shara ba. Sarakunan Damagaram sun yi mulki da takobi, ƙauyukan kudu sun sha hari, tsofaffi ma ba sa musun haka.

 A wajen Richardson kisan hukunci ne na sarki, mai tsanani, kan waɗanda aka kama da laifi ko aka ɗauka abokan gaba. A littafin Verne kuwa abin da ya fito shi ne kisa babu dalili, kamar mutanen garin ba su san laifi ko shari'a ba. Alhali a ƙasar Hausa gindin bishiya wurin zama ne: nan dattawa ke sasanta rigima, nan baƙo ke sauke kaya a ba shi ruwa kafin a tambaye shi daga ina. Mai karatu a birnin Paris da bai san wannan ba zai rufe littafin yana ganin ko inuwa a nan tarko ce.

Lokacin da littafin ya fito, Sarki Tanimu ke kan gadon Damagaram, kuma ya zauna har 1884. A zamaninsa aka ƙarfafa ganuwa, ana ƙera bindigogi a garin, ayari na zuwa daga Tarabulus da Agadas yana wucewa Kano, ikonsa ya kai kudu har yankunan Magariya da Dungas. Daga cikin balan-balan ba a ga ko ɗaya ba. Mutanen da Turawan uku ke hange a ƙasa galibi ko masu tsoro ne ko masu harbi, har ma a bakin Tafkin Chadi aka ɗauki Joe abin bauta.

Shekara 36 bayan fitowar littafin, a 1899, sojojin Faransa suka ci Zinder bayan yaƙin Tirmini, garin ya zama hedikwatar mulkinsu kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Littafin kuwa har yau ana buga shi cikin harsuna da dama, yara na karanta shi a Turai, ciki har da 'ya'yan 'yan Nijar mazauna can.

Amsa ta fito daga cikin gida. André Salifou, haifaffen Zinder a 1942, ya wallafa tarihin masarautar Damagaram na ƙarni na 19 a 1971, sannan ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna "Tanimoune". Sunansa ne jami'ar Zinder ke ɗauke da shi yanzu, inda matasan Magariya da Dungas ke zuwa karatu.