Kariya da Moda: Hajar da Muka Raina

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, mu nan Ƙofar Nassarawa muna jawo hankalinku ga wata haja. Kariyar nan mai jan fure, da moda mai ganye kamar takobi, a wurinmu kayan jeji ne. A Turai kuwa cikin tukwane ake sayar da irinsu don ƙawata ɗaki, saboda suna jure ƙishirwa. Mutanen Tailan ma sun riga mu, suna renon kariya suna fitarwa.

To, amma a yi hattara. A Disamban 2019 Tarayyar Turai ta ƙara tsananta doka: shuka ba ta shiga sai da takardar shaidar lafiyarta. Ƙasar gonarmu kuma ba a yarda ta bi saiwa ba. A Nijeriya hukumar NAQS ke ba da takardar. Ku tuna zoɓo: a 2018 aka dakatar da kai shi Meziko saboda ƙwari.

Shawararmu: a reni dashe a lambu, kada a tono na jeji, a san sharaɗin takarda kafin a ƙulla ciniki.