Keke Mai Kaurin Taya: Daga Rairayin Damagaram Zuwa Ƙanƙarar Alaska

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a cikin rairayi ya san yadda abin yake ƙarewa. Ƙafar gaba ta nutse, ta baya ta yi ta juyawa a banza, mahayi ya sauko ya koma tura abin da ya kamata ya ɗauke shi. Abin da rairayi yake yi wa keke a ƙasashenmu, shi dusar ƙanƙara take yi masa a arewacin Amurka. A can ne aka raini wani nau'in keke mai kaurin taya, wanda faɗin tayarsa yakan kama daga inci 3.8 zuwa inci 5, wato kusan ninki biyu na tayar keken hawan dutse. Ina ganin ya cancanci a yi nazarinsa, domin a cikin labarinsa akwai darasin kimiyya, akwai na gyara, akwai kuma tambayar da kowace al'umma take fuskanta: wa yake da haƙƙin bin turbar da ta kowa ce, kuma bisa wane sharaɗi?

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko a ƙasar Hausa ya tashi. A shekarar 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya ƙera keke mai ƙafa uku a jere, da tayoyi masu kauri, ya hau shi daga Damagaram a Jamhuriyar Nijar har Tamanrasat a kudancin Aljeriya. A 1986 ya sake keta Sahara da tayoyin gwaji na kamfanin Michelin. Amma inda abin ya yi saiwa shi ne Alaska. A 1987 aka fara tseren keke na Iditabike a kan turbar da karnuka masu jan kaya suke bi, tafiyar kimanin mil 200 cikin hunturu. Mahaya sun sha turi fiye da tuƙi, har makanikan birnin Ankorej suka koma haɗa rim biyu, wani lokaci uku, wuri guda domin su sami faɗi. A jihar Niyu Meksiko kuma wani mai suna Ray Molina ya sa aka yi masa rim mai faɗin milimita 80 da taya mai inci 3.5 saboda yawon sahara. Daga baya, a 2005, kamfanin Surly na jihar Minesota ya fitar da keken Pugsley, wanda shi ne ya kai wannan nau'i shagunan talakawan mahaya. Yau ana tsere da irinsa daga kusa da Ankorej har garin Nome, tafiyar mil 1,000.

Sirrin wannan keke ba kaurin tayar kaɗai ba ne; ƙarancin iskar da ke cikinta ne. Tayar ƙaramar mota takan ɗauki iska kimanin 32 a ma'aunin PSI da masu faci suke dubawa a geji, ta keken tsere takan kai 100, amma ta wannan keke tsakanin 5 da 10 take zama, a dusar ƙanƙara mai laushi ma har ƙasa da haka. Lissafin da nake son ɗalibai su riƙe mai sauƙi ne: faɗin wurin da taya take taɓa ƙasa daidai yake, a ƙiyasce, da nauyin da ta ɗauka idan an raba shi da ƙarfin iskar cikinta. Mahayi da kekensa masu nauyin kilo 100, a iska 100, suna tsaye ne a kan fili mai kimanin murabba'in santimita 14. A iska 5 kuwa filin yakan kai kusan murabba'in santimita 280. Nauyin bai ragu ba, an dai shimfiɗa shi. Bambancin ke nan tsakanin kofaton jaki da tafin raƙumi: jaki ya fi raƙumi rashin nauyi nesa ba kusa ba, amma shi ne yake nutsewa a rairayi.

Sai dai ƙarancin iska yana da abokin gaba, wato tif ɗin da ke cikin taya. Idan taya mai laushi ta daki dutse ko saiwar bishiya, takan matse har bakin rim ya datse tif ɗin a wuri biyu, ya bar ramuka biyu a jere da mahaya suke kwatantawa da saran maciji. Ga kuma ƙaya. Tsidau ɗin nan da ke addabar ƙafafunmu a bayan gari ya yaɗu a kudu maso yammacin Amurka, kuma can ma babu abin da ya kai shi fasa tayar keke. Bugu da ƙari, tif na irin wannan taya yakan kai nauyin kusan rabin kilo, nauyin da mahayi yake juyawa da ƙarfin cinyarsa a kowane taki. Waɗannan dalilai ne suka sa mahaya da yawa suke cire tif ɗin gaba ɗaya, su mayar da ƙafar keken marar tif.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Motoci sun koma taya marar tif tun shekarun 1950. Keken hawan dutse ya bi sahu a 1999, lokacin da kamfanonin Mavic da Michelin da Hutchinson suka fito da tsarin da suka kira UST. A 2001 kuma wani Ba'amurke mai suna Stan Koziatek ya fara sayar da ruwan roba da ake zubawa cikin taya, wanda ya ba mutum damar yin aikin a gidansa.

Ga yadda ake yi. Da farko a cire taya da tif, a wanke rim tsaf a bar shi ya bushe, domin gam ba ya kama maiƙo. Rim ɗin irin wannan keke yakan zo da manyan tagogi da aka huda don rage nauyi, saboda haka sai an rufe su da ɗamarar roba tukuna, sannan a naɗe cikin rim da tef mai hana iska fita, daga gefe zuwa gefe, a danne shi kada ya bar kumfa. A huda tef ɗin a wurin bawul kaɗai, a saka bawul na musamman mai gindin roba, a ɗaure shi da hannu. Sai a mayar da taya, a shafa ruwan sabulu a bakinta, a hura mata iska mai yawa farat ɗaya da injin hura iska, har a ji bakin tayar ya hau mazauninsa da ƙara. Daga nan a sace iskar, a zare ƙwayar bawul, a ɗura ruwan roba kimanin mililita 120 ko fiye a kowace taya, a sake hurawa, a girgiza ƙafar ta kowace fuska domin ruwan ya shafi ko'ina. Idan ƙaya ta huda tayar a hanya, iskar da ke neman fita ita ce take tura ruwan cikin ramin, ya daskare ya toshe shi, sau da yawa ba tare da mahayi ya sani ba.

Ba zan ɓoye wa mai karatu nauyin da ke tattare da wannan ba. Ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a wuri mai zafi ma ya fi saurin bushewa, don haka dole a riƙa dubawa ana ƙarawa. Babban rami sai an cusa masa igiyar faci, irin yadda ake yi wa tayar mota. Idan gefen taya ya tsage, babu mafita sai an mayar da tif, shi ya sa mai hankali ba ya fita daji ba tare da guda ɗaya a jakarsa ba. Rim da tayar da ba a ƙera su don wannan aiki ba sukan saki iska a kwana mai tsanani. Sanyi ma yana da nasa hukunci: tayar da aka hura zuwa 6 a ɗaki mai ɗumin digiri 20, idan aka fitar da ita cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, takan faɗo kusan 3. A mota wannan ragi ba abin damuwa ba ne, a nan kuwa rabin iskar ce ta tafi.

Yanzu ga inda maganar ta wuce ta makanikai. Turbobin gandayen shaƙatawa na Amurka ba na masu keke kaɗai ba ne. A lokacin hunturu masu sulun ƙanƙara ne suka riga kowa, kuma a wurare da dama ƙungiyoyinsu ne suke biyan kuɗin injin da yake lallaɓe dusar ta zama turba. Keke guda mai taurin taya, a rana mai ɗumi, yana iya tsaga wannan aiki na awanni ya bar kwari mai tsawo, wanda zai daskare da dare ya zama tarko ga na baya. A kan haka aka sha jayayya. Wasu wurare ma doka ta rufe su tun tuni: dokar kare dazuzzukan da ba a taɓa ba, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1964, ta hana duk wani abin hawa na inji a cikinsu, kuma hukumomi sun sa keke a wannan sahu. Inda aka buɗe ƙofa, kamar gandun Cuyuna na jihar Minesota, wanda tsohon filin haƙar tama ne, an buɗe ta ne da sharuɗɗa. Ƙa'idojin da suka yaɗu tsakanin masu kula da turbobi sun taƙaita a abu uku: taya ta kasance mai kauri, iskarta kada ta wuce 10, kuma duk wanda ya waiwaya ya ga sawunsa ya nutse fiye da inci ɗaya, ya rage iska ko ya juya gida.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ta fi burge ni, domin ba ta dogara da ɗan sanda ba. Ta ɗora wa mutum alhakin waiwayen abin da ya bari a bayansa. Kuma a nan ne cire tif ya sami ma'ana ta biyu. Mahayin da ke tsoron saran maciji yakan cika tayarsa da iska don ya tsira da tif ɗinsa, turbar jama'a ta biya kuɗin tsoronsa. Wanda ya cire tif yana iya sassauta iska hankalinsa kwance, ya wuce bai bar rauni ba. Ke nan aikin yini guda a bakin rim yana daga cikin abin da yake sa a ci gaba da ƙyale masu keke su shiga gandu, ko a rufe musu ƙofa.

A ra'ayina masu kula da gandaye da suka zaɓi sharaɗi maimakon hani sun fi dacewa da gaskiya, muddin mahaya suka riƙe nasu ɓangaren na alkawari. Hani yana da sauƙin rubutawa, amma yana hukunta mai kiyayewa tare da mai ɓarna. Sharaɗin da aka gina kan abin da ido yake iya aunawa, wato zurfin sawu, ya fi adalci, kuma zai yi aiki ga kowane sabon abin hawa da zai zo gobe, har da keken lantarki da ake muhawara a kansa yanzu. Ga ɗalibanmu na fannin ƙere-ƙere kuwa, ina da tambaya guda da nake so su kwana da ita. Rairayin da Jean Naud ya gwada kekensa a kai yana nan inda ya bar shi, tsidau bai ƙare ba, kuma mutanen karkara suna nan suna tura kekunansu ɗauke da kaya. Wane irin ruwan roba ne zai jure zafin watan Afrilu bai bushe ba, kuma nawa za a iya sayar da shi a kasuwar ƙauye?